Tambayoyi da Amsoshi kan Kuɗin Azurfa na Ƙasar Rasha a Zamanin Da

Waɗannan tambayoyi sun shafi tsabar kuɗin azurfa da ta yi yawo a ƙasar Rus tun daga ƙarni na 9 har zuwa gyaran kuɗi na shekarun 1530, tare da ɗan abin da ya biyo baya. Abu guda ne zai riƙa dawowa a cikin amsoshin, wato a duk tsawon wannan zamani ƙasar ba ta haƙo azurfa daga cikinta ba, saboda haka siffar kuɗinta da nauyinsa da rubutun da ke jikinsa sun dogara ne kan hanyar da azurfar ta biyo da kuma wanda yake da iko da hanyar.

Wace ƙasa ake nufi idan an ce Rasha a wancan zamani?

Ana nufin ƙasar Rus, wadda ta shimfiɗu daga Novgorod a arewa zuwa Kiyef a kudu, kuma a yau yankinta ya rabu tsakanin Rasha da Yukren da Belarus. Kiyef ce babbar cibiyar sarauta har zuwa lokacin da ƙarfinta ya ragu kuma Mongol suka ci ta a 1240, sa'an nan a hankali nauyin mulki ya koma arewa maso gabas, inda Mosko ta taso. Shi ya sa ƙasashen uku suke ɗaukar kuɗin farko a matsayin gadonsu. Alamar mashi mai baki uku da ke jikin kuɗin Sarki Vladimir ita ce tambarin ƙasar Yukren a yau, kuma kuɗin da ta fitar a 1996 ya ɗauki sunan grivna, tsohon ma'aunin azurfa na ƙasar Rus.

Idan ba su da ma'adinin azurfa, daga ina suke samunta?

Daga fatauci. Dazuzzukan arewa suna ba da fatun dabbobi masu laushin gashi, da zuma da kakinta, kuma a ƙarnonin farko bayi ma suna cikin manyan hajojin da ake fitarwa. Da fari azurfar daga gabas take zuwa, daga ƙasashen Musulmi, ta kogin Volga. A ƙarni na 11 ta koma zuwa daga yamma, a siffar ƙananan kuɗin Jamus da na Ingila, daga baya kuma a siffar curi da fataken Hansa, ƙungiyar biranen kasuwanci na arewacin Jamus, suke kawowa masaukinsu na Novgorod don sayen fatu da kaki. Sai a farkon ƙarni na 18, zamanin Sarki Bitrus na Ɗaya, aka fara narkar da azurfar gida a Nercinsk, can cikin Siberiya ta gabas.

Shin da gaske ne dirhamin Musulunci shi ne kuɗin farko da aka sani a can?

Gaskiya ne idan zamanin Rus ake nufi, kuma shaidar tana da yawa ƙwarai. Tun daga ƙarshen ƙarni na 8 dirhamin Abbasiyawa ya fara shiga arewa ta ƙasar Khazar, da ke arewacin tekun Kaspiyan, amma babban malalar ta zo ne a ƙarni na 10, lokacin daular Samaniyawa, wadda gidajen buga kuɗinta na Samarƙand da Shash, wato Tashkent ta yanzu, da Bukhara da Andaraba suke fitar da dirhami mai yawan gaske. Ayari yakan ɗauke shi ya ratsa hamada da fili zuwa kasuwar Bulgar a bakin Volga, inda fataken Rus suke jira da jiragen ruwansu. Wannan dirhami shi ne dai wanda ɗalibin fiƙihu yake haɗuwa da shi a babin zakka, mai nauyin kusan giram 3, ɗauke da kalmar shahada da ayar Alƙur'ani da sunan halifa da garin da aka buga shi da shekarar Hijira.

Ahmad ibn Fadlan, wanda ya isa Bulgar a 922 cikin tawagar Halifa Muƙtadir, ya ga 'yan Rus da idonsa, kuma ya rubuta cewa namijinsu yakan yi wa matarsa abin wuya guda ɗaya idan dukiyarsa ta kai dirhami 10,000, ya ƙara mata wani duk lokacin da ya sake tara adadin. Ƙasa ma ta ba da tata shaidar, domin an tono ɗaruruwan taskoki da aka binne a Rasha da Yukren da ƙasashen bakin tekun Baltik. Wadda aka gano a Spillings, a tsibirin Gotland na Suwidin, a 1999, tana da tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan dukkansu na ƙasashen Musulmi, kuma jimillar azurfarta ta kai kimanin kilo 67. Mutanen Bulgar da kansu sun buga kwaikwayon dirhamin Samaniyawa, wasu da rubutu daidai, wasu da zane kawai mai kama da rubutu.

Ta yaya mutanen da ba su karanta Larabci suke ciniki da shi?

Da awo suke yi, ba da karatu ba. A kaburburan fatake ana samun ƙaramin sikeli mai naɗewa tare da duwatsun awonsa, kuma a taskokin ƙarni na 10 ana samun dirhami da aka yanka biyu ko huɗu ko ƙananan gutsattsari, domin a cika awo ko a ba da canji. Wasu an karce su da wuƙa don a gwada ko azurfa ce har ciki, wasu kuma an huda su ko an sa musu kunne an rataya a wuya. Daga wannan mu'amala ne ma'aunan lissafi na gida suka fito. A tsohon kundin shari'a na Ruskaya Pravda, grivna ɗaya tana daidai da nogata 20, ko kuna 25, ko rezana 50, kuma diyyar ɗa namiji mai 'yanci grivna 40 ce.

Wane ne ya fara buga kuɗi da sunansa?

Vladimir ne, wanda ya mulki Kiyef daga kusan 980 zuwa 1015, kuma ya karɓi addinin Kirista daga Rumawa a 988. Ya buga na zinariya da ake kira zlatnik, wanda ƙwaya goma sha ɗaya ko kusa da haka kawai aka sani, da na azurfa da ake kira srebrenik, wanda shi ma adadin da ya tsira ba shi da yawa. Faɗinsa ya yi kama da na dirhami, amma hotunansa kwaikwayon kuɗin Rumawa ne: sarki a zaune da kambi, riƙe da gicciye, ga alamar gidansu mai baki uku, kuma a nau'in farko akwai hoton Almasihu a ɗaya gefen. Rubutun, wanda aka yi da baƙaƙen Slav, yana cewa Vladimir yana kan karaga, kuma wannan azurfarsa ce.

Sai dai kalmar azurfa a nan tana buƙatar taka-tsantsan, domin binciken ƙarfen ya nuna cewa da yawa daga cikinsu jan ƙarfe ya rinjaya, wasu ma azurfar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba. Hakan ya dace da lokacin, saboda a daidai waɗannan shekaru ne dirhami ya fara yankewa. 'Ya'yansa Sviatopolk da Yaroslav su ma sun buga nasu, kuma na Yaroslav, wanda ake dangantawa da zamansa a Novgorod, shi ne mafi kyawun aiki da tsabtar ƙarfe, ɗauke da hoton waliyyi Jorj. Idan aka dubi ƙarancin adadinsu da gajeren zamanin bugunsu, abin da ya fi kama hankali shi ne an yi su ne domin shelar sarauta da sabon addini, da kuma kyauta ga mayaƙa, fiye da domin cinikin yau da kullum. Kaso mai yawa na waɗanda aka sani ya fito ne daga taska guda da aka tono kusa da Nizhin a 1852.

Me ya sa aka daina, kuma da me aka riƙa ciniki bayan haka?

Daular Samaniyawa ta faɗi a ƙarshen ƙarni na 10, dirhaminta na ƙarshe ya riga ya cika da algus, kuma zuwa farkon ƙarni na 11 hanyar gabas ta ƙafe. Kuɗin Turai sun toshe giɓin a arewa na kusan shekara ɗari, sa'an nan su ma suka daina zuwa. Daga ƙarni na 12 zuwa rabin ƙarshe na ƙarni na 14 babu wani sarkin Rus da ya buga tsabar kuɗi, kuma masana suna kiran wannan tsakani zamanin rashin tsaba, alhali kuwa zamani ne na manyan birane da gine-ginen dutse da kasuwanci mai ƙarfi.

Babban ciniki, kamar sayen ƙauye ko fansar fursuna ko biyan haraji, da curin azurfa ake yinsa, shi ma sunansa grivna. Na Kiyef mai kusurwa shida ne, nauyinsa kimanin giram 160, na Novgorod kuwa doguwar sanda ce mai kimanin giram 204. Ƙaramin ciniki shi ne inda masana suka fi jayayya. Abu Hamid al-Garnaɗi, matafiyin Andalus da ya ratsa yankin a tsakiyar ƙarni na 12, ya ba da labarin tsofaffin fatun kurege da gashinsu ya zube, waɗanda ake ɗaurewa dami-dami a maƙala musu hatimin dalma, a sayi komai da su, ko da yake a wata ƙasa ba za su sayi komai ba. An tono dubban irin waɗannan ƙananan hatimai na dalma, abin da ya ƙarfafa maganarsa. Wasu masana sun ƙara da duwatsun ado na gilashi, da gululun mazari da ake sassaƙawa daga jan dutsen Ovruc, har da wuri na tekun Indiya, irin wanda ya zama kuɗin kasuwannin ƙasar Hausa daga baya, wanda ake samu da yawa a yankin Novgorod da Pskov. Hujjar waɗannan ba ta kai ta fatu ƙarfi ba, domin abin da ya yaɗu a ko'ina ba lallai ne ya zama kuɗi ba.

Yaushe rubul ya bayyana?

Sunan ya fara fitowa a ƙarshen ƙarni na 13, a cikin ɗaya daga wasiƙun Novgorod da ake rubutawa a ɓawon itace, waɗanda aka fara tonowa a 1951. A lokacin rubul curi ne mai nauyin grivnar Novgorod, rabinsa kuma, wanda ake samu ta hanyar sare curin gida biyu, sunansa poltina. Bayan an koma buga tsaba sai ya zama adadin lissafi kawai, kuma an shafe ƙarnoni ana ƙirga dukiya da rubul ba tare da wani ya riƙe ƙwayarsa a hannu ba.

Me ya kawo rubutun Larabci a jikin kuɗin sarakunan Mosko, alhali Kiristoci ne?

Mulkin Tatar, wato Mongol da mabiyansu, ne ya kawo shi. Bayan mamayar Mongol ta 1237 zuwa 1240, sarakunan Rus sun zama masu biyan haraji ga daular zuriyar Juci, ɗan Cingis Khan, da ke bakin Volga, wadda Turawa suke kira Rundunar Zinariya, kuma da azurfa ake biyan harajin. A ƙarshen ƙarni na 14 takardun sarakunan Mosko suna ambaton rubul 5,000, wanda ya kai kusan tan guda na azurfa. Ita wannan daula tana buga nata dirhamin a Sarai da Bulgar da Azaƙ da Kirim, da rubutun Larabci, musamman bayan Uzbek Khan, wanda ya yi mulki daga 1313 zuwa 1341, ya tsayar da Musulunci a matsayin addinin fada. Wannan kuɗi ya shiga yankunan Rus na kudu da gabas, har sarakunan Ryazan suka riƙa ɗaukarsa suna buga masa ƙaramin hatiminsu a kai, su sake shi kasuwa.

A Mosko, Dmitri Donskoi ne ya farfaɗo da bugun kuɗi. Ya ci rundunar Mamai, jagoran yaƙin Tatar, a filin Kulikovo a 1380, amma bayan shekara biyu Tokhtamish, sarkin Tatar, ya zo ya ƙone Mosko ya maido da haraji, kuma kuɗin Dmitri yana ɗauke da labarin biyun a lokaci guda. A gefe ɗaya akwai mayaƙi riƙe da gatari da takobi, ko hoton zakara, kewaye da rubutun Slav mai cewa hatimin babban sarki ne, a ɗaya gefen kuwa sunan Sultan Tokhtamish ne da Larabci tare da addu'ar ɗorewar mulkinsa. Sunan kuɗin ma, denga, daga wajen Tatar aka aro shi. Maƙeran da suke sassaƙa hatimin sau da yawa ba su san Larabci ba, saboda haka rubutun yakan lalace daga kwafi zuwa kwafi har ya koma ado kurum.

Ba daidai ba ne a ɗauki kowane rubutun Larabci a matsayin alamar miƙa wuya. Ivan na Uku, wanda a zamaninsa aka kawo ƙarshen biyayya ga Tatar bayan rundunarsa da tasu sun yi cirko-cirko a kogin Ugra a 1480, ya buga kuɗi da sunansa a Larabci, Iban, da wani mai cewa wannan dengar Mosko ce. A nan babu sunan wani khan, kuma bayanin da ya fi dacewa shi ne ana son kuɗin ya karɓu a kasuwannin Kazan da sauran garuruwan Volga.

Yaya ake ƙera su, kuma me ya sa suke ƙanana marasa da'ira?

Ana narkar da azurfa a ja ta ta ramukan ƙarfe har ta zama waya, a yanka wayar gutsure-gutsure daidai awo, a daddaɓe kowane gutsure ya baje, sa'an nan a ɗora shi tsakanin hatimi biyu a buga da guduma. Abin da ke fitowa siriri ne mai ɗan tsawo, girmansa kamar ƙwayar agushi, kuma da yake hatimin ya fi shi faɗi, da wuya a ga rubutun ya fito duka a ƙwaya guda. Masu tara su a Rasha suna kiransu ɓawon kifi. Dabarar tana da amfani biyu: ba ta barin ragowar ƙarfe kamar yadda yanke da'ira daga faranti yake bari, kuma tana sauƙaƙa daidaita nauyi, wanda shi ne ainihin darajar kuɗin. Dengar Dmitri ta kusan giram 1, amma a zamanin jikansa Vasili na Biyu, wanda ya sha yaƙin basasa da danginsa har suka makantar da shi, ta sauko zuwa kimanin giram 0.4. Baƙin Turai na ƙarni na 17 sun rubuta cewa mutane a kasuwa sukan zuba irin waɗannan ƙananan kuɗi a baki don kada su salwanta.

Mosko ce kaɗai take bugawa?

A'a, a farkon ƙarni na 15 kusan kowace masarauta tana da nata, har da ƙananan 'yan'uwan babban sarki a garuruwan da aka ba su. Suzdal da Nizhni Novgorod da Rostov da Yaroslavl duk sun buga, kuma Tver a zamanin Boris Aleksandrovic ta yi fice da yawan hotuna, daga maharba da dodanni har zuwa maƙerin kuɗi a bakin aikinsa. Novgorod, wadda majalisar gari da manyan attajirai suke mulki, ta gwada kuɗin Livoniya da na Lituweniya daga 1410, ta fara nata a 1420 da sunan birnin kawai ba na wani sarki ba, Pskov kuma ta bi sahu bayan 'yan shekaru.

Aikin yana hannun maƙeran azurfa ne. Jakadan Ostiriya Sigismund Herberstein, wanda ya je Mosko a 1517 da 1526, ya bayyana cewa mai azurfa yakan kai ta wurin maƙeri, a auna, a ba shi tsaba daidai nauyinta, ya biya ɗan lada. Tsari irin wannan yana buɗe ƙofar ha'inci, kuma tarihin Novgorod ya adana abin da ya faru a 1447, lokacin da jama'a suka yi bore kan curi da kuɗi marasa cika. An kama mai zuba azurfa Fyodor Zherebets, aka shayar da shi giya, ya ambaci mutum 18 da ya yi wa aikin algus, aka jefa wasu daga kan gada aka wawashe gidajen wasu. Haɗiye Novgorod a 1478, da Tver a 1485, da Pskov a 1510, da Ryazan a 1521, ya tattara bugun kuɗi a hannun sarki ɗaya, amma aka ci gaba da awo biyu, dengar Novgorod tana ninka ta Mosko.

Mene ne gyaran Elena Glinskaya?

Elena ita ce mahaifiyar Ivan na Huɗu, kuma ita ta riƙe mulki yana ƙarami bayan rasuwar Vasili na Uku a 1533. Ta tarar da kuɗin da aka yayyanke gefensa da na jabu sun cika kasuwa, duk da cewa ana yanke hannun masu laifin ana kuma ɗura musu narkakken ƙarfe a maƙogwaro. Tsakanin 1535 da 1538 aka haramta tsohon kuɗi gaba ɗaya aka sake narkar da shi. Daga awon azurfa mai kimanin giram 204 aka riƙa buga kuɗin rubul 3 a maimakon 2.6 na da, wato an ɗan rage nauyi domin sabon ya yi kusa da abin da yankakken ya koma, kada masu shi su yi asara mai yawa wajen canji.

Ƙwaya uku aka tsayar. Babbar, mai giram 0.68, tana da mahayin doki riƙe da mashi, kuma ita ce ta zama kofek. Ta tsakiya, denga, mai giram 0.34, mahayinta takobi ya riƙe, ƙaramar kuma, polushka, mai giram 0.17, tana da hoton tsuntsu. Rubul ɗaya ya zama kofek 100, ko denga 200, ko polushka 400, kuma daga nan ne rabon rubul gida ɗari ya samo asali. Jama'a dai sun ci gaba da ƙirga da altin, wato denga 6, domin shi bakinsu ya saba da shi.

Tun da yawancinsu ba su da shekara, ta yaya ake sanin zamaninsu?

Dirhami yana da sauƙi, domin yana faɗin garinsa da shekararsa, kuma ƙwaya mafi sabunta a cikin taska tana nuna lokacin da ba a binne ta kafinsa ba. Kuɗin Rus kuwa sai an haɗa hujjoji: sunan sarki da laƙabinsa, nauyi, abokan zamansa a cikin taska, da bin sawun hatimi, inda ake gane cewa hatimin gaba guda ya yi aiki da na baya daban-daban, a jera su bi da bi. Wannan aiki ne ya sa sunayen Ivan Spasski da Valentin Yanin suka zama sanannu a fagen, kuma manyan tarin da ake dogara da su suna gidan tarihi na Hermitage a San Pitasbag da gidan tarihin ƙasa na Mosko. Shekara ta fara bayyana a kofek na Novgorod a 1596, an rubuta ta da baƙaƙe bisa lissafinsu na farkon halitta.

Yaushe aka daina buga kuɗin waya?

Ya daɗe fiye da zamanin da ya haife shi. A ƙarni na 16 da na 17 gwamnati tana sayen manyan tsabar azurfa na Turai da ake kira tala, waɗanda Rashawa suke kira yefimok, ta narkar da su ta ja waya ta buga kofek, ribar kuma ta shiga baitulmali. Yunƙurin Sarki Aleksei na buga kofek da jan ƙarfe a darajar azurfa ya jawo tsadar kaya da boren Mosko na 1662, aka janye shi a shekara mai zuwa. Zuwa 1698 nauyin kofek ya sauko giram 0.28. Bitrus na Ɗaya ya kawo injinan bugu, ya fitar da rubul na azurfa mai da'ira da nauyin giram 28 a 1704 tare da kofek na jan ƙarfe, ya bar tsohon da sabon suna tafiya tare har mutane suka saba, sa'an nan aka dakatar da bugun kofek na waya a 1718.